Kayan Ɗari

Likita ya ce jinina ya hau,
ni ma sai in nemi abin hawa.
Na sayi keke a Tsohuwar Kasuwa,
ina da shekara hamsin ba uku,
da tumbin da ke riga ni shiga ɗaki.

Asubar farko na fito kamar mai ƙaura:
singileti, taguwa, suwaita biyu,
da jibgegen kwat ɗin da na aro wurin maigadi.
Dije ta leƙo daga zaure ta ce,
"Kai za ka hau keken, ko katifar?"

Daga Pantami na miƙe.
Kafin in kai rabin hawan Tunfure
bazara ta sauka a cikin rigata,
zufa na bin gadon baya kamar kwata.
Da na juyo gangara
iska ta tarar da ni a jiƙe,
ta shiga ba sallama.
Haƙora suka kama kiɗan kalangu,
yatsu suka manta inda birki yake,
sarƙa ta cafke ƙafar wandona
ta miƙa ni gaban teburin mai shayi.

Nan na san Gidado mai burodi.
Shekara ashirin da shida yana raba gari kan keke
tun zakara bai gama shawara ba.
Bai yi dariya ba, sai da na sha shayin.

Ranar Talata ya ja ni dilar gwanjo.
Na ɗauko mai kauri, ya mayar.
Na ɗauko wadda ta fi ta, ya mayar.
"Fita kana ɗan jin sanyi," in ji shi,
"ƙafa murhu ce, minti goma ta kama.
Wanda ya bar gida da ɗumi
zai dawo da mura.

Ta jikin fata kada ta zama auduga.
Auduga mai riƙo ce,
in ta sha zufa ba ta yafewa.
Ɗauki rigar 'yan ƙwallo.
A kanta 'yar mai laushi, marar nauyi.
Ta sama kuwa mai zif, mai tare iska:
in hawa ne, zuge,
in gangara ce, rufe har maƙogwaro.

Sanyi ɓarawo ne, ba ya bi ta ƙofa.
Ta kunne yake haurowa, ta wuya, ta kan yatsa."

Ya sa na gwada safar hannu huɗu,
kowacce in matse wuyan hannunsa kamar birki.
Wadda ya ce wash, ita muka saya.
Hular ulu siririya,
don hular kwano ta zauna a kanta.
Ƙafar wando cikin safa, ko a ɗaure da roba.

Sai launi.
Na so ruwan toka, irin na dattawa.
Ya zaro wata ruwan ɗorawa
mai ihu tun daga nesa.
Na ce, "Da girmana?"
Ya ce, "Direban tifa ba ya ganin girma a duhu."

Duka kayan ba su kai nauyin kwat ɗin ba.
Na mayar wa maigadi abinsa, da goro.

Yau sati bakwai.
Jinin ya ɗan sauko, tumbin yana nan yana tunani.
Minti goman farko har yanzu ba ma shiri,
nakan tambayi kaina wa ya aike ni.
Sai murhun ya kama.

Shekaranjiya a gindin hawan
na ga wani, sabon keke da ledarsa,
ya naɗe kamar jaririn ranar suna.
Na buɗe baki, na rufe.
Na wuce gaba wurin mai shayi,
na ce a haɗa kofi biyu,
ɗaya a bar shi a rufe.